Hoton Cikin Kai: Yadda Likita Ke Ganin Ciwon Da Ya Ɓuya A Ƙwaƙwalwa

Muna gaida ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, duk inda kuke zaune kuna saurare, ko kuna karanta wannan takarda. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dawce da ƙauyukanta, da na Matameye da Kance, cikin jihar Damagaram.

Darasinmu na yau na kiwon lafiya ne. Za mu yi magana a kan ciwon da ke shiga cikin kai ya taɓa ƙwaƙwalwa, da na'urorin da likita ke ɗaukar hotonsa da su. Wanda ya iya karatu ya karanta a hankali. In ya gama, ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna.

ABIN DA YA KAWO ZANCEN

Daga 1 ga Nuwamba 2022 zuwa 27 ga Janairu 2023, ciwon sanƙarau ya kama mutum 559 a jihar Damagaram. Mutum 18 suka rasu. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta ba da wannan lissafi. Gundumar lafiya ta Dungas ta fi kowa, da mutum 342. Ta Matameye, wadda Dawce ke cikinta, ita ce ta biyu. Mutum 98 suka kamu, 3 suka rasu.

Yawancin waɗanda aka kai asibiti da wuri sukan warke cikin ƴan kwanaki. Amma akan samu wanda jikinsa ya ƙi daɗi. Zazzaɓi ya dawo, ko ya fara faɗuwa yana fizge-fizge, ko hannu ɗaya ya saki. Sai likita ya rubuta takarda, ya ce a kai shi Damagaram a ɗauki hoton kansa.

Nan ne mai gida kan shiga lissafi. Ga kuɗin mota, ga kuɗin hoto, ga garka da za a bari babu mai ban ruwa. Wani ma sai ya ce a ransa: «Hoto ai ba magani ba ne.» Sai ya ninke takarda ya sa aljihu, a koma gida. To, jama'a, yau muna so ku san abin da wannan takarda take nufi, don kada a sake ninke ta a ajiye.

ƘWAƘWALWA DA GIDANTA

Ku ɗauki ƙwai ku duba. Akwai ɓawo mai tauri a waje. Ƙarƙashinsa akwai tantani. A ciki kuma ga ƙwaiduwa tana zaune cikin ruwa. Kusan haka Allah ya yi kan mutum. Ƙoƙon kai shi ne ɓawo. Ƙarƙashinsa akwai tantani har uku. Ƙwaƙwalwa tana ciki, ruwa mai haske kamar na rijiya ya kewaye ta. Wannan ruwa yana gangarawa har cikin ƙashin baya.

Nauyin ƙwaƙwalwar babban mutum bai kai kilo ɗaya da rabi ba. Amma da ita muke tunani, da ita muke magana, da ita muke gani da ji. Ita ke ba hannu da ƙafa umarni. Ɓangarenta na dama yana tafi da rabin jiki na hagu, na hagu kuma yana tafi da na dama.

Ga abin lura. In ƙurji ya fito a cinya, fata takan ba shi wuri, ya kumbura ya fashe. Ƙoƙon kan babba kuwa ba ya buɗewa ko kaɗan. In mugunya ta taru a ciki, ba ta da wurin zuwa. Sai ta danne ƙwaƙwalwa. Wannan shi ne hatsarin ciwon cikin kai.

TA INA CUTA KE SHIGA?

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayoyin cuta, waɗanda ido ba ya gani, suna da ƙofa huɗu.

Ta farko, kunne. Kunnen da ya daɗe yana zubar da mugunya yakan ci ƙashin da ke bayansa. Tsakanin wannan ƙashi da ƙwaƙwalwa babu nisa.

Ta biyu, hanci da haƙora. A ƙashin goshi da na kumatu akwai ƴan kogunan iska masu haɗe da hanci. In suka cika da mugunya, ko haƙori ya ruɓe aka bar shi, cuta na iya wucewa ciki.

Ta uku, jini. Jini yana iya ɗauko ƙwayar cuta daga maƙogwaro, ko huhu, ko zuciya, ya kai ta kai.

Ta huɗu, rauni. Wanda ya faɗi daga babur, ko aka sare shi, ƙoƙon kansa ya tsage, ƙofa ta buɗe ke nan.

IRE-IREN CIWON

Na ɗaya, sanƙarau. Shi tantanin da ya rufe ƙwaƙwalwa yake kamawa. Yana zuwa da hunturu da bazara, lokacin ƙura da zafi. Ƙasarmu tana cikin ƙasashe 26 da ya fi damu, daga Senegal har Habasha. Cikin mutum 6 da irinsa mai tsanani ya kama, wajen 1 yakan rasu. Cikin 5 kuma 1 yakan tashi da naƙasa, kamar kurumta ko farfaɗiya.

Na biyu, ƙurjin ƙwaƙwalwa. Mugunya ce ke taruwa a cikin naman ƙwaƙwalwa kansa, jiki ya yi mata jaka.

Na uku, mugunyar da ke kwanciya tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙoƙon kai. Takan biyo bayan ciwon kogunan goshi, ko ciwon kunne, ko sanƙarau a wurin jarirai.

Na huɗu, tarin fuka. Ƙwayarsa takan bar huhu ta je kai. Can sai ta yi dunƙule kamar ƙwallon goriba ƙarami, ko ta kama tantani a hankali, mako bayan mako.

Na biyar, wata ƙwaya da ake samu a kashin kyanwa da naman da bai dahu ba. Ba ta cika damun mai ƙarfin jiki ba. Amma wanda cutar sida ta karya garkuwar jikinsa, takan yi masa ƙuraje da yawa a ƙwaƙwalwa.

Duk waɗannan suna kama da juna daga waje. Ciwon kai, zazzaɓi, amai, faɗuwa, ruɗewa. Likita yana iya taɓa ciki ya ji kumburi. Yana iya sa abin saurare a ƙirji ya ji huhu. Amma ƙoƙon kai rufaffe ne, hannu ba ya shiga, kunne ba ya ji. Shi ya sa ake neman hoto.

HOTON RADIYO

Ba rediyon da kuke saurarenmu da shi muke nufi ba. Muna nufin hoton ƙashi, wanda ake yi wa mai karaya ko mai tari. A shekarar 1895 wani malamin kimiyya na ƙasar Jamus, mai suna Wilhelm Rontgen, ya gano wani haske da ido ba ya gani. Wannan haske yana ratsa nama, amma ƙashi yana tare shi. Don haka ƙashi ke fitowa fari a hoto.

Radiyo yana nuna tsagewar ƙoƙon kai. Amma ba ya nuna ƙwaƙwalwa, domin ƙashi ya rufe ta ta kowane gefe. Kamar mutum ne ya tsaya yana kallon rumbu. Ya ga rumbu sarai, amma bai san ko gero ne a ciki ko gara ta cinye ba. Fiye da shekara 70 likitoci suna fama da wannan matsala.

NA'URAR SIKANER

Wani injiniya ɗan Ingila, Godfrey Hounsfield, shi ya samo dabara. Ya ce maimakon a haska kai ta gefe ɗaya, a kewaya shi da hasken, a auna ta kowane gefe, a ba kwamfuta ta yi lissafi. Ranar 1 ga Oktoba 1971 aka gwada na'urarsa kan wata mata a birnin Landan. Hoto ya nuna kumburi a gaban ƙwaƙwalwarta. Da likita ya yi mata aiki, sai ya tarar da shi daidai inda hoto ya nuna. A shekarar 1979 aka ba Hounsfield da wani malami, Allan Cormack, lambar yabo ta Nobel saboda wannan aiki.

Sunan na'urar sikaner. A takardar likita wani lokaci za ku ga an rubuta haruffa uku: TDM. Duk ita ce.

Ga yadda take. Babban zobe ne a tsaye, da gado a gabansa. Marar lafiya ya kwanta, gado ya shigar da kansa cikin zoben. Hasken ya yi ta kewaya kai. Kwamfuta ta fitar da hotuna da yawa, fala-fala, kamar yadda uwargida ke yanka albasa, kowane yanki ta ga cikinsa. Amma ku kwantar da hankalinku, babu wuƙa, babu zafi. A hoto kawai ake yankan. Cikin ƴan mintoci an gama.

A hoton, ƙashi fari ne. Ruwa baƙi-baƙi ne. Ƙwaƙwalwa kuma ruwan toka. Rabin dama da rabin hagu suna kama da juna, da layi a tsakiya. In likita ya ga layin ya karkace, ya san akwai abin da ke turo ƙwaƙwalwa daga gefe ɗaya.

ALAMAR ZOBE

Sau da yawa akan yi wa marar lafiya allura a jijiya kafin a sake ɗauka. Ruwan allurar yana da sinadarin aidin. Yana bin jini, ya taru inda ciwo yake, wurin ya yi haske a hoto.

Jakar ƙurji tana da jijiyoyin jini da yawa, mugunyar ciki kuwa ba ta da su. Saboda haka sai jakar ta yi fari, tsakiya ta yi duhu. Abin ya fito kamar zobe. In likita ya ga zoben nan a kan mai zazzaɓi da kunne mai zuba, ƙurji zai fara zato. Zai auna girmansa. Zai ga ko ɗaya ne ko da yawa, ko kusa da ƙashi yake ko can ciki.

Jiki yakan ɗauki wajen mako biyu kafin ya gama ɗinka wannan jaka. In aka ɗauki hoto tun da fari, wani lokaci duhu-duhu kawai ake gani. Don haka in likita ya ce a sake ɗauka bayan ƴan kwanaki, kada ku ce neman kuɗi ne.

Kuma ba kowane zobe ne ƙurji ba. Dunƙulen tarin fuka yakan yi zobe. Ciwon daji ma yakan yi. Likita sai ya haɗa hoto da awon jini, da awon majina, da labarin da kuka ba shi. Ku faɗa masa gaskiya duka: yaushe ciwo ya fara, ko akwai mai tari a gida, wane magani aka sha.

NA'URAR MAGANAƊISU

Akwai wata na'ura da ta fi sikaner gani. A takarda ana rubuta ta IRM. Ita ba ta aiki da hasken radiyo. Da maganaɗisu mai ƙarfi ƙwarai take aiki, irin ƙarfen nan mai jan allura, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Malamai biyu suka buɗe hanyarta tun daga 1973, Paul Lauterbur na Amurka da Peter Mansfield na Ingila. Su ma sun sami lambar Nobel a 2003.

Jikin mutum yawancinsa ruwa ne. Na'urar tana auna yadda ruwa yake zaune a kowane wuri. Mugunya tana da kauri kamar kunu, ruwan cikinta ba ya yawo. Na'urar tana gane haka. Da wannan take taimakon likita ya raba ƙurji da ciwon daji. Tana kuma ganin ciwo tun yana ƙarami.

Sai dai tana da tsada, tana kuma ɗaukar lokaci, wajen rabin awa ko fiye. Tana ƙara kamar ana daka, amma ba ta cutarwa. Ba a shiga ɗakinta da ƙarfe ko kaɗan.

Waɗannan na'urori suna son wutar lantarki mai ƙarfi, da ɗaki mai sanyi, da ma'aikata masu horo. Shi ya sa ba a samun su a ƙauye. Sikaner sai a manyan asibitoci, kamar babban asibitin ƙasa na Damagaram da na Yamai. Na'urar maganaɗisu kuwa ta fi wuyar samu. Akwai ta a Yamai, akwai ta kuma a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano da ke Kano.

EKO TA MAƊIGAR JARIRI

Mata sun san eko, wadda ake duba mai ciki da ita. Da sauti take aiki, irin wanda kunne ba ya ji. Sautin ba ya ratsa ƙoƙon kan babba. Amma jariri yana da taga, wato maɗiga. Takan rufe wajen shekara ɗaya da rabi. Kafin nan likita na iya ɗora kan na'urar a maɗiga ya leƙa ciki.

Amfaninta babba ne. Bayan sanƙarau, wani lokaci hanyar ruwan kai takan toshe, ruwa ya taru, kan jariri ya yi ta girma. Eko tana nuna wannan, kuma ta fi sauran araha. Uwa, in kin ga kan ɗanki yana girma fiye da kima, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko idanunsa suna kallon ƙasa, kai shi asibiti ranar nan. Kada a shafa wa maɗiga komai, kada a yi mata tsaga.

ABIN DA HOTO BA YA YI

Kada ku ce duk mai ciwon kai sai an yi masa hoto. A'a. Cututtuka biyu da suka fi kashe yaranmu ta hanyar ƙwaƙwalwa, ba da hoto ake gane su ba.

Sanƙarau, da ruwan baya ake gane shi. Likita ya sa siririyar allura a ƙugu, ya ɗebi ɗan ruwa. Na mai lafiya garau yake. Na mai sanƙarau yakan yi gurɓi kamar ruwan tsari. Ana aika wani zuwa cibiyar bincike ta CERMES a Yamai don a san irin ƙwayar. Mutane da yawa suna tsoron wannan allura, suna cewa ita ke gurgunta yaro. Ba haka ba ne. Ana sa ta ƙasa da inda lakar baya ta ƙare. Jiki kuma yana yin wajen rabin lita na wannan ruwa kowace rana, ɗan abin da aka ɗiba yana komawa cikin ƴan awoyi. Ciwon ne ke naƙasa yaro in an makara.

Amma in likita yana zaton akwai ƙurji babba mai danne ƙwaƙwalwa, ba zai ɗebi ruwan baya ba sai ya ga hoto, domin a nan ɗiban yana da hatsari. Ko da haka ba ya jira. Yakan fara allurar magani nan take, sannan a tafi hoto.

Na biyu shi ne zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, wanda ke sa yaro suma da damina da kaka. Da ɗigon jinin yatsa ake gane shi, a ba da magani nan da nan. Amma hoto ya koya wa likitoci yadda yake kisa. A birnin Blantyre na ƙasar Malawi an duba yara 168 masu wannan ciwo da na'urar maganaɗisu, aka buga sakamako a 2015. Yara 25 suka rasu. Cikinsu 21 ƙwaƙwalwarsu ta kumbura ƙwarai. Kun ga dai maganar ƙoƙon kai da ba ya buɗewa.

BAYAN AN GA HOTO

Hoto shi ke nuna wa likita hanyar da zai bi.

In ƙurji ƙarami ne, akan gwada magani kaɗai. In faɗinsa ya wuce santimita biyu da rabi, wato kamar faɗin ƙarfen dala ashirin, yawanci sai an yi aiki. Likitan aikin kai ya huda ƴar ƙofa a ƙashi, daidai inda hoto ya nuna, ya zuƙe mugunyar. Bayan nan a ci gaba da magani wajen mako 6 zuwa 8. Sai a sake hoto a ga ko zoben ya ƙanƙance.

In tarin fuka ne, maganinsa daban, kuma ana shan sa wata 9 zuwa 12 ba fashi. In ruwa ne ya taru a kan jariri, akan sa masa siririn bututu ƙarƙashin fata ya riƙa sauke ruwan zuwa ciki.

Ku ji amfanin wannan ci gaba. A 2014 wasu likitoci sun tattara labarin masu ƙurjin ƙwaƙwalwa fiye da 9,000 daga ƙasashe daban-daban. Sun ga shekara 50 kafin nan, cikin mutum 100 wajen 40 ke mutuwa. Daga baya abin ya sauko zuwa 10. Hoto, da aiki mai kyau, da magani mai ƙarfi, su suka kawo haka.

RANAR ZUWA HOTO

Ku tafi da takardar likita, da katin asibiti, da kwalayen magungunan da aka sha.

Ku cire ƴan kunne, da sarƙa, da zobe, da laya mai ƙarfe, da tsabar kuɗi. Wanda ke da ƙarfe a jiki, na ɗorin karaya ko na wani aiki, ya faɗa kafin ya shiga.

Mace mai ciki, ko mai zaton ciki, ta faɗa. Mai ciwon ƙoda ya faɗa. Wanda allura ta taɓa sa masa borin jini ko toshewar numfashi, shi ma ya faɗa.

In an yi allurar aidin, za a ji ɗumi ya ratsa jiki na ɗan lokaci. Ba komai, yana wucewa.

A kwanta shiru. Motsi yana ɓata hoto. Ƙaramin yaro wani lokaci akan ba shi maganin barci.

In an ba ku hoton, ku adana shi cikin ambulansa. Kada a ninke, kada a bar shi a rana ko a laima. Duk ranar komawa asibiti a tafi da shi, don likita ya gwada tsoho da sabo.

Game da kuɗi, ku tambayi farashi a wurin biya, ku karɓi rasit. Tun 1 ga Satumba 2024 gwamnati ta rage kuɗin ayyukan asibitocinta da rabi, har da na hoto. Duk da haka tafiya tana cin kuɗi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin mata da na manoma suna iya ware ɗan abu cikin asusu tun da kaka, domin ranar da za a ce a kai wani Damagaram.

ALAMUN DA BA A KWANA DA SU

Zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, wuya ya sanƙare.

Ciwon kai mai ƙaruwa kullum, da amai, musamman da safe.

Faɗuwa da fizge-fizge ga wanda bai taɓa yi ba.

Hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta saki, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe.

Yawan barci, ko ruɗewa, ko mutum ya daina gane danginsa.

Kunne mai zuba, sannan ciwon kai da zazzaɓi suka biyo, ko bayan kunnen ya kumbura.

Jariri ya ƙi mama, yana kuka ba tsayawa, maɗiga ta taso.

Wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, ya nufi asibitin da ya fi kusa, ko da dare ne. Majo zai duba, ya fara magani, in ya cancanta ya tura Matameye. In na hoto ne, daga can a wuce Damagaram. Tafiyar ba ta kai kilomita 100 ba. Sanƙarau yana iya kashe mutum cikin kwana ɗaya. A yi addu'a ana tafiya.

Mun sani in mutum ya faɗi yana fizge-fizge, wasu sukan ce iska ce. Sai a yi kwana uku ana hayaƙi. Jama'a, a cikin kwana ukun nan mugunya ƙaruwa take yi. Mai faɗuwa a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki, a ɗauke shi a tafi.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

A Disamba 2010 aka fara babbar allurar rigakafin sanƙarau iri na A a Nijar da Mali da Burkina Faso. Wannan iri, wanda ya yi ɓarna mai yawa a 1995 da 1996, ya ja baya ƙwarai. Amma sanƙarau iri-iri ne. Iri na C ya kama mutum wajen 8,500 a ƙasarmu a 2015, shi ne kuma ya zo Damagaram a 2022. A 2024 Najeriya da Nijar suka fara aiki da sabuwar allura mai kare iri biyar a haɗe. In masu rigakafi suka zo gari, kowa ya fito da iyalinsa. A kuma kai jarirai su cika allurarsu ta kati.

Kunnen yaro in ya fara zuba, a kai shi asibiti. Kada a ɗura masa mai ko ruwan ganye, kada a sa tsinke. Mai tarin da ya wuce mako biyu ya je awon majina, maganin tarin fuka kyauta ne. Haƙori in ya ruɓe a nemi likita. Nama a dafa shi ya dahu. Mai kabu-kabu ya sa hular kwano.

TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA A AJI

1. Me ya sa ƙurjin cikin kai ya fi na cinya hatsari?

2. Faɗi ƙofofi huɗu da cuta ke bi ta shiga ƙwaƙwalwa.

3. Me alamar zobe take nunawa a hoton sikaner?

4. Da me ake gane sanƙarau?

5. In yau aka ce a kai wani Damagaram daga garinku, wace mota za ta ɗauke shi, kuma ina za a samu kuɗin? Ku shawarta, ku rubuta abin da kuka tsayar.

Sababbin kalmomi, kowa ya rubuta su sau uku a allonsa: ƙwaƙwalwa, tantani, sikaner, maganaɗisu, maɗiga.

To, jama'a, nan za mu dakata. In likita ya ba ku takardar hoton kai, yanzu kun san abin da yake nema: yana so ya ga inda ciwo yake, da girmansa, don ya san ko magani zai isa ko sai aiki. Ku tashi da ita ranar da aka ba ku. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kare mu da iyalanmu. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.